Lissafin Mai Agogo

Takardu biyu na jera a kan teburina, ta dama tawa, ta hagu ta ɗalibata. Yaran dai su ne, 'yan aji biyu na wata firamare da muke aiki da ita, su talatin da takwas, kuma mako guda ne kacal tsakanin gwajina da nata. A tawa takardar, in an daidaita, kowane yaro yana karanta kalma arba'in da ɗaya a minti guda. A tata kuwa, sha bakwai. Na cire tabarau na goge na mayar, lambar tana nan inda take. A raina na ce to, a cikinmu akwai mai ƙarya, kuma na san dai ba ni ba ce.

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da 'yan aji ɗaya kafin in koma jami'a. Na share majina, na ɗaure igiyar takalmi, na raba faɗa a kan guntun fensir har ban san iyaka ba. Alli ya ci mini yatsu har yau fatar ba ta koma daidai ba. Daga wannan ajin na fito da littafina na koyon karatu, da kuma hanyar gwajin da ke bayansa: ka zaunar da yaro a gabanka, ka miƙa masa kati mai ɗan gajeren labari, ya karanta na minti ɗaya, ka ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai. Da wannan aikin na zama Dakta, kuma makarantu sun fi ɗari suna koyarwa da shi. Duk wata lamba da ke cikin littafin ni na tattara ta da hannuna, don ni ban cika yarda da aikin mutane ba, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba.

Ita ɗalibar tawa, ni na sa mata Mai Agogo, saboda agogon ƙirga daƙiƙa da kullum yake rataye a wuyanta kamar laya. Malamar firamare ce ita ma, mai 'ya'ya biyu, an ba ta hutun karatu na shekara uku kuma saura mata wata guda. Kundin bincikenta ba ya zuwa gaban kwamiti sai da sa hannuna. In kuwa na rubuta cewa lambobinta ba abin yarda ba ne, to ta tashi a tutar babu: ba digiri, kuma sunan maƙaryaciya zai riga ta isa duk makarantar da ta nufa. Na san haka sarai lokacin da na aika a kira mini ita.

Ta shigo da sallama ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a haɗe. Tana da irin ladabin nan mai yawa da ke sa mutum ya laluba aljihunsa.

“Ke, matso nan. Waɗannan lambobin daga ina kika samo su?”

“Daga bakin yaran, Malama.”

“Daga bakin yaran. To ni daga bakin awaki na samo nawa?”

Ta sunkuyar da kai.

“Tsawa kika daka musu? Ko da rana tsaka kika je, yunwa ta gama cin su?”

“Ƙarfe tara na je, Malama, kamar yadda kika rubuta a littafi.”

Ta ɗago kamar za ta ƙara wani abu, ta dubi fuskata, sai ta kau da kai da sauri. Wannan kau da kan shi ya tsaya mini a rai. Ga shi kuma sau biyu ina ganinta tana fitowa daga ofishin Shugaban sashe, mutumin da ba ma ga maciji da juna tun ranar da ya kira littafina tsohon yayi a gaban taro. Ya daɗe yana neman hanyar da za a ture shi a kawo na abokansa. Na haɗa wannan da wancan, lissafi ya fita tsaf: an samo yarinya mai fuskar salihai, an ɗora ta a kaina, ta rushe ni daga cikin gida.

Da yamma na kwashe duka na zuba wa maigidana. Yana tsakar gida yana ba shukokinsa ruwa, aikin da ya ɗaura wa kansa tun da ya yi ritaya.

“Dakta ke nan,” ya ce. “Ke fa ko mai gyaran famfo ya zo sai kin tsaya a kansa kina ƙirga kusoshi. Kin tambaye ta kuwa?”

“Na tambaye ta mana.”

“A'a, kin dai tuhume ta. Shekara nawa muna tare, ai na san irin tambayarki.”

“Wato kai ma kana bayanta.”

“Ni ko ganinta ban taɓa yi ba, Hajiya.”

Na bar shi da butarsa na shige ɗaki. Har shi ma sai da na ɗan yi tunani a kansa, Allah ya yafe mini.

Daga nan na fara ɗana tarko. Na zauna na rubuta sababbin katuna uku, na buga su da kaina, na kulle a durowa, makullin yana cikin jakata ko banɗaki zan shiga. Muka je makarantar ba tare da na sanar da kowa ba. Na raba ajin biyu, ta ɗauki rabi na ɗauki rabi, washegari muka yi musanya. Duk yaron da ya zauna a gabana karatu yake kamar an buɗe famfo. Shi ɗin dai in ya koma gabanta sai ya dinga tuntuɓe yana cije-cije. Ni talatin da tara, ita sha shida.

Na ce to agogon ne, tana tsayar da shi tun minti bai cika ba. Ranar da ta ajiye shi ta tafi alwala na ɗauka na gwada shi da wayata. Daidai yake har daƙiƙa, abin da ya ƙara ɓata mini rai. Na ce to tana sa wa daidai alamar kuskure. Na laɓe a bayan taga, mace da furfurarta, ina saurare kamar ɓarauniya, na ji da kunnena yaran da gaske suke kakarewa. Na ja wasu gefe na tambaye su, “Me Anti take ce muku kafin ku fara?” Suka ce, “Cewa take mu fara.” Har malamar ajin sai da na titsiye, baiwar Allah ta yi ta rantse-rantse ba ta ma san laifin da ake nema ba.

Abu ɗaya na kama, na kuwa riƙe shi gam. In Mai Agogo tana gwaji ba ta kallon yaro ko kaɗan. Kanta a ƙasa, ido ɗaya a agogo ɗaya a takarda, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ni kuwa ba ruwana da takarda, tunda ni na rubuta katunan, na haddace su kamar sunayen 'ya'yana. Fuskar yaro nake kallo, ina masa murmushi, ya san yana tare da mutum. Na yanke cewa da gangan take ɗaure musu fuska don su daskare. Ranar Litinin na karɓi fom ɗin ƙorafi na cike shi, na rubuta cewa ban gamsu da yadda aka tattara lambobin ba kuma ina zargin da niyya aka yi. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Na sa takardar a jaka. Ina son yarinyar nan, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ranar Talata ta zo ba tare da na kira ta ba. Idanunta sun kumbura.

“Malama, sakatariya ta ce kin karɓi fom.”

“Sakatariya ta cika surutu.”

“Abu ɗaya nake roƙo, don Allah. Gobe mu koma makarantar. Ki gwada yaro ɗaya, wanda kika zaɓa da kanki. Ni ba zan ce uffan ba, zan dai ɗauka da waya.”

“Ki ɗauka ki kai wa wa?”

“Ke zan nuna wa. In kin gani, ki goge da hannunki.”

Na ji ƙanshin makirci tun daga nesa. Amma in na ƙi, sai a ce tsoro na ji, ni kuwa da na shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki ba wayar wata ce za ta firgita ni ba. Na ce ta same ni can ƙarfe tara, kuma kada ta kuskura ta riga ni shiga ajin.

Hedimasta ya ba mu ɗan ɗakin da suke kira laburare, ko da yake rabinsa tsofaffin rajista ne da ƙwallon da ta sace da kujeru masu ƙafa uku. Akwai tebur ɗaya mai lafiya a jikin taga. Na shiga ajin da kaina na zaɓo wata 'yar ƙarama mai wawulo, haƙoranta biyu na gaba sun fita, wadda a wurina ta kawo arba'in da huɗu, a wurin Mai Agogo kuwa tara. Na zaunar da ita a gabana, na gyara mata wuyan riga, na miƙa mata kati. Mai Agogo ta koma can gefe ta jingina da bango, ta ɗaga waya.

“Bismillah, 'yata. Fara.”

Yarinya ta zuba karatu, muryarta tana fita ta wawulon nan da ɗan fito. Minti ya cika a kan arba'in da uku. Na ce ta je baranda ta jira mu, sannan na juya na dubi ɗalibata, na harɗe hannuwa.

“To, sai ki kai wa Shugaban naki ya gani.”

Ta tsayar da ɗaukar. Ta zo ta ajiye wayar a gabana, ta koma ta tsaya tana kallon taga.

Da farko haushi ne ya kama ni, don ba yarinyar ta saita ba. Daga gefe ta ɗauke mu, ni da ita, fuska da fuska. Na ga kaina, tsohuwa mai tabarau tana murmushi. Na ga yarinyar ta dubi katin ta karanta kalma biyu, ta uku ta tsaya mata. Sai idonta ya bar katin ya hau fuskata. Ni kuma leɓɓana suka motsa. Ba sauti ko kaɗan, amma suna haɗuwa suna rabuwa, suna fitar da kalmar tsaf, muryar yarinyar tana biye da su a baya da taki ɗaya. Daga nan har ƙarshen mintin katin yana hannunta ne kawai, lokaci-lokaci take leƙa shi don kunya. Inda kalma ta yi tsawo har haɓata nake turowa gaba, girata ta ɗaga, bakina ya ƙara buɗewa, ta kuwa cafke.

“Kin yi wa hoton nan wani abu,” na ce.

“Malama, yanzu a gabanki na ɗauka.”

“Kira mini yarinyar.”

Na ciro wani katin da ba ta taɓa gani ba. Na ja kujerata na kai ta bayan yarinyar, na zauna inda ba za ta gan ni ba, na sa tafin hannuna na toshe bakina. Mai Agogo ta danna agogo. Yarinyar ta karanta kalma ɗaya, ta biyu, ta ja ta uku da ƙyar, ta huɗu da ta biyar ƙanana ne ta wuce su. A ta shida ta tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi inda na saba zama, ba kowa. Ta jira. Can ta waiwayo gaba ɗaya, ta dube ni da idon nan na yara da ba su san sun faɗi wani abu ba.

“Malama, ki dawo nan mana. Ba na ganinki.”

A ƙarƙashin tafin hannuna kuwa ina jin leɓɓana suna ta motsi, suna faɗin kalmar, sun faɗe ta ya fi sau uku. Na danne su, suka ƙi. Na san daga inda suka koyo. Shekara goma sha tara a gaban yara saba'in, ina faɗa suna maimaitawa, kuma ban taɓa iya ganin yaro ya kakare in bar shi ba, zuciyata ba ta ɗauka. Da na koma gwaji na hana muryata fita, na ɗauka na gama. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba ko ina yarinya.

Mai Agogo ta sake fitar da yarinyar, ta rufo ƙofa. Na ɗago na dube ta.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun zangon farko, Malama. Ranar da na raka ki ina riƙe miki jaka.”

“Wata bakwai! Kika zuba mini ido ina ta haukata a bayan taga?”

“Kin gan ni ina ta buɗe baki ina rufewa. Malama, da littafinki na koyi aikin nan. Ta ina zan fara? In ce miki me?” Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu. “Sau biyu ina zuwa wurin Shugaba a canza mini batun bincike, don kada abin ya fito ta hannuna. Ya ce sai na kawo dalili.”

“Kika ba shi?”

“A'a. Shi ya sa ya ƙi.”

Na tuna irin zagin da na yi wa mutumin nan a zuciyata wata da watanni, shi kuwa bai ma san ana yi ba. Ita kuma ta matso, ta rage murya kamar akwai mai jin mu a cikin tsofaffin rajista.

“Zan iya cire babin lambobin nan daga kundin, Malama. In ce katunan ne suka yi wa yaran wuya. Wayar ga ta nan, ki goge. Ba wanda zai sani.”

Nan fa zuciyar tawa ta dawo. “Kul! Kada in ƙara jin wannan daga bakinki. Makonni ina neman ƙarya a aikinki ban samu ba, yau za ki ƙirƙiro mini ita don ki rufa mini asiri?” Na buɗe jaka na ciro fom ɗin na miƙa mata. “Ungo, karanta. Ki san irin malamar da kike tausayi.”

Ta karanta a tsaye, har ƙasa. Da ta kai wurin da na rubuta cewa da niyya aka yi, sai ta runtse ido, ta ninke takardar ta ajiye a tebur ba ta ce komai ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ta kawo shafin sa hannu na kundinta. Yana cikin jakarta, ashe kullum tana yawo da shi. Na sa hannu a kan teburin nan, biro yana karcewa saboda ramukan katako.

“Babin ya zauna yadda yake. Hoton ma ki sa a ciki. Gobe ni zan tashi a gaban kwamiti in yi bayani, kada ki riga ni.”

“Littafinki fa, Malama?”

“Yaro ɗari shida da sha biyu ne a cikinsa, kuma kowannensu a gabana ya zauna yana kallon fuskata. Ban san nawa ne suka iya karatu ba, 'yar nan. Na rubuta cewa sun iya, aka wuce da su aji na gaba, ba wanda ya ƙara komawa ta kansu.” Muryata ta karye a nan. Ba littafin nake wa kuka ba, ko da yake shi ma ya yi mini ciwo.

Hedimasta ya ƙwanƙwasa ya leƙo, ya ce an kusa tashi tara, kuma yarinyar tana baranda tana kuka, wai ta ɗauka ta yi laifi ne aka kore ta sau biyu. Na ce a shigo da ita. Na share mata fuska da gefen mayafina, na ce ba ta yi komai ba, ni ce na yi. Ba ta gane ba, amma ta daina shessheƙa. Na ja kujerata na ajiye a gefenta, kafaɗa da kafaɗa, mu biyu muna fuskantar katin.

“Cire agogon nan ki sa a jaka,” na ce wa ɗalibata.

Na sa yatsa a ƙarƙashin kalmar da ta tsaya mata ɗazu, na cusa gefen mayafin a bakina na cije. Yarinyar ta karkato kai tana neman fuskata ta gefe. Na ƙwanƙwasa katin da farce. Ta koma ta dube shi. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka fito suna ihu a fili, mu muna zaune.

“Kwa...” ta ce. Ta sake leƙo ni. Na ƙara cije mayafin har haƙorana suka yi zafi.

“Kwalba?”

Ban motsa ba. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Ta ja majina, ta sa nata ɗan yatsan kusa da nawa, ta bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana rawa.

“Kwan... do. Kwando.”

Ba ta dube ni ba wannan karon, katin ta ci gaba da kallo, kamar ba ta yarda daga cikinsa abin ya fito ba. A shekara talatin da ɗaya, wannan ce kalma ta farko da zan iya rantsewa yaro ne ya karanta mini ita. Na matsar da yatsana zuwa ta gaba.